Inda Baƙo Ke Kwana a Damagaram

Bokiti biyu dattijon ya fara shigowa da su, ya jera su a bakin ƙofar makewayi, sannan ya koma ya ɗauko jakata. Ya ce, "Alhaji, ga ruwa nan. Famfo sai tsakar dare yake zuwa, in ya zo. In ka ji yana tari, ka tashi ka tara." Na ce, "To Baba, Allah ya saka da alheri." Ya miƙo mini makulli mai kan tagulla, lambar ɗakin ta kusa gogewa saboda yawan hannuwan da suka riƙe shi, ya ja ƙofa ya fita.

Watan Afrilu ne, bazara ta kai maƙura. Da hantsi na baro Kano, muka bi ta Daura, muka tsallaka iyaka a Ɗan Barto, muka wuce Matamai da Kance, muka hau babban titin da ya taso daga Yamai, sai ga Tirmini, sai ga duwatsun Damagaram sun ɓullo, manya-manya, wani a kan wani kamar da hannu aka jera su. Daga nan zuwa Yamai, babban birnin ƙasar, kusan kilomita 900 ne. Zuwa Kano kuwa bai kai sulusin haka ba. Shi ya sa Bakano ba ya jin baƙunta sosai a garin nan. Harshe ɗaya ne, gaisuwa ɗaya, sai dai kuɗin da ke aljihu ya koma sefa, kuma a takarda sunan garin Zinder.

Masaukin da na sauka tsoho ne, yana tsakiyar gari, a filin nan da ke tsakanin Birni da Zango inda Turawa suka kafa ofisoshinsu da kantunansu. Gini biyu ne a harabar. Na gaba shi ne na da can: bango mai kauri, rufi mai tsawo wanda in ka ɗaga kai ka dube shi sai ka dafe hula, baranda mai bakuna ta zagaye shi, tagogin katako da ake turawa waje, ga itatuwan dogon yaro sun yi masa rumfa. Na baya sabo ne, na bulo da siminti, da tayil mai sheƙi da na'urar sanyaya ɗaki. Yaron da ke karɓar baƙi ya so ya kai ni sabon, don shi manya ke nema. Na ce a tsohon nake son kwana. Ya dube ni, ya ce, "Malam, can fa fanka ce kawai." Na ce na ji, a can ɗin dai.

Wanda ya zo Damagaram yana neman irin otel ɗin Yamai, kamar Gaweye na bakin kogi, ko Radisson Blu da aka buɗe a 2019 lokacin taron ƙolin Tarayyar Afirka, ba zai samu ba. Akwai dai otel-otel da suka daɗe suna karɓar baƙi, waɗanda kowane ɗan kabu-kabu ya san ƙofarsu: Hôtel Damagaram, da Hôtel Central, da wanda aka sa wa sunan Sarki Amadu Kuran Daga. Ni ba a ɗayansu na sauka ba. Kwana huɗun da na yi kuwa sun bar ni da magana guda da ta ƙi barin raina. Garin nan a kan saukar baƙo aka gina rabinsa, kuma masaukansa na alfarma na gaskiya suna nan a tsaye, wato manyan gidajen ƙasa na Zango da Birni. Su ne ke narkewa damina bayan damina, baƙi kuwa suna kwana a ɗakunan siminti da ba su da bambanci da na kowane gari.

Zango da fatomansa

Sunan unguwar kaɗai ya isa shaida. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya. A ƙarni na 19, ayarin da ya taso daga Tarabulus ya biyo ta Gadamus da Gat da Abzin, kafin ya ga Kano sai ya ga Damagaram. Abzinawa da Larabawa da fataken Hausa a wajen ganuwa suke durƙusar da raƙumansu, arewa da Birni. A nan bukkoki suka zama ɗakuna, ɗakuna suka zama soraye. Daga arewa ana shigo da yadi da takarda da sukari da bindigogi da kantun gishirin Bilma, daga gabas kanwa da mangul, daga Kano baƙin yadi da turkuɗi. Ana fita da kirgi da gashin jimina da hauren giwa. Ana fita da bayi kuma. Wannan ba abin lulluɓewa ba ne: wani kaso na dukiyar da ta ɗaga waɗannan soraye ya fito ne daga mutanen da aka kamo a ƙauyuka aka ɗaure aka kora arewa.

Baƙon wancan zamani ba kuɗin ɗaki yake biya ba. Maigida yake da shi, fatoma. Da ayari ya iso, kowane falke ya san gidan da zai nufa, sau da yawa gidan da ubansa ya saba sauka. Fatoma zai ba shi ɗaki, ya kulle masa kaya a taska, ya sa a kawo masa ruwa da fura tun bai kwance rawani ba. Shi zai nemo masa dillali, shi zai gaya masa wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, shi zai tsaya masa in ciniki ya rikice, ya yi masa tafinta, ya raka shi gaban alƙali ko fada. In ciwo ya kama shi, a gidan za a yi jinyarsa. In ajali ya riske shi, maigida ne zai yi masa sutura, ya riƙe dukiyarsa amana har magada su zo. Ladansa yana cikin la'adar cinikin da aka ƙulla a zaurensa, da kuma sunan da yake yi a bakin fatake daga nan har bakin teku. Babu otel mai taurari da ke yi wa baƙo rabin wannan hidima a yau, ko a ina yake.

A ƙarshen ƙarnin, attajirin da sunansa ya fi fita a Zango shi ne Malam Yaro, wanda harkarsa ta kai Kano da Tarabulus, kuma Faransawa da suka iso suka tarar ba su da makawa sai sun yi hulɗa da shi. Irin gidajen da shi da takwarorinsa suka gina su ne har yanzu ke tsayar da mai wucewa a lungunan Zango: fuskar gida cike da zane, zankwaye a tsaye a kan soro kamar kunnuwan zomo, ƙofa ƙarama, zaure babba.

Baƙin sarki

Birni kuwa na sarauta ne. Gidan sarautar Damagaram daga Barno ya samo tushe, ta hannun Malam Yunus a ƙarni na 18, kuma ya daɗe yana kai gaisuwa Kukawa. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya ɗaga masarautar ta zama abin tsoro: ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa maƙera suka zuba igwa a cikin gari, ana haɗa albarushi a nan gida. Fadar da ke tsaye yau tun wajen 1850 take. Masanin tarihi André Salifou, wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa yanzu, ya rubuta littafi guda a kan masarautar a ƙarni na 19, ya kuma yi wasan kwaikwayo a kan Tanimun ɗin.

Baƙon da ya fi ƙarfin fatoma, na sarki ne. A Janairun 1851 Baturen Ingila James Richardson ya iso, zamanin Sarki Ibrahim. Aka ba shi gida, ana aiko masa da abinci, ya yi mako uku da ɗoriya, sannan ya kama hanyar Kukawa, ya rasu a hanya cikin watan Maris. Abokin tafiyarsa, Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasashen nan, ya shigo ranar 25 ga Disamban 1852, ya zauna har ƙarshen Janairu yana jiran guzuri. Guzurin kuwa ya zo: dalar azurfa 1000, an ɓoye su cikin akwatunan sukari biyu don kada ɓarayin hanya su farga. Da su ya yi sayayya a kasuwar garin, ya nufi Katsina da Sakkwato da Tambutu. Na daɗe ina juya wannan labari. Mutum ya zauna a garin da ba shi da dangi ko ɗaya, kuɗi su ratso hamada wata da watanni, daga hannu zuwa hannu, su same shi a masaukinsa ba tare da sun yi ciwon kai ba. Sai garin da ya iya riƙon amanar baƙo ake yi wa irin wannan aike.

Akwai kuma baƙon da bai fita da rai ba. A 1898 wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou, ya iso da 'yan rakiyarsa yana kan hanyar gabas. Sarki Amadu Kuran Daga, ɗan Tanimun, wanda a shekarun nan yake gwabzawa da Sarkin Kano Alu, ya karɓe shi. Amma fada ta ji tsoron cewa Baturen zai je ya haɗa kai da Rabe, wanda ya riga ya ci Barno. Ranar 5 ga Mayu aka kashe shi tare da tafintansa. Shekara ta zagayo, Faransawa suka dawo da bindigogi. A Tirmini, ƙauyen nan da motarmu ta ratsa ba tare da ko rage gudu ba, aka yi karon a ƙarshen Yulin 1899, rundunar Damagaram ta karye, aka bi sarkin aka kashe shi bayan 'yan makonni. Barikin da suka gina suka sa masa sunan Cazemajou. A 1906 suka tuɓe sarkin da suka naɗa da kansu bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kwaddibuwa, sarautar ba ta koma hannun 'yan gida ba sai 1923.

Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce hedkwatar Nijar. A lokacin ne filin tsakanin Birni da Zango ya cika da gine-gine masu baranda irin wanda na kwana a ciki, aka sami sabon nau'in baƙo: ma'aikacin gwamnati, da wakilin kamfani, da direban babbar mota, mutanen da ba su da fatoma kuma ba sa neman sa, ɗaki kawai suke so su biya su wuce. A shekarun nan kuma jirgin ƙasa ya iso Kano daga Ikko, kaya suka juya suka nufi teku, ayarin hamada ya yi ta raguwa, taskokin Zango suka fara zama wayam. Da Faransawa suka kwashe hedkwatar zuwa Yamai, cikin dalilansu har da kusancin garin da Kano ta Ingilishi, da kuma ƙarancin ruwa.

Daren farko

Ruwan nan dai shi ne har gobe. Garin a kan dutse yake zaune, irin dutsen da ba ya riƙe ruwa a ƙarƙashinsa, don haka daga nesa ake turo shi, daga rijiyoyin Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. In bazara ta yi, gari ya koma na jarkoki: a kan amalanken shanu, a kan kura, a bayan babur, layi-layi a bakin famfo tun kafin asuba. Bokiti biyun da Baba ya ajiye mini, sayen su aka yi daga 'yan garuwa. Da na gane haka sai na yi wanka da rabin ɗaya, na ji nauyin kowane moɗa da na zuba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wuta ta ɗauke. Wutar Damagaram da Maraɗi, kaso mai yawa nata daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, abin da mutanen nan suka ɗanɗana sosai bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyaka aka yanke layin har zuwa Maris na 2024. A daren nan injin masaukin ya tashi, ya yi 'yan mintoci, ya mutu. Fankata ta yi juyi biyu ta tsaya. Na kwanta ina jiran zafi ya sauko mini. Ya zo, amma a hankali, irin wanda mutum zai iya jurewa in ya buɗe tagogi biyu iska ta ratsa. Bango mai kauri yana shan rana duk wuni bai bari ta shigo ba, rufi mai tsawo kuma yana kwashe hucin sama.

Ba a yi rabin sa'a ba na fara jin ƙofofi suna buɗewa a sabon ginin. Ɗaya bayan ɗaya manyan baƙin suka fito, wani da tawul a wuya, wani da matashin kai a hammata. Ɗakin bulo da aka rufe shi ruf don na'ura, in na'urar ta tsaya tanderu ne. Baba ya fito da tabarmi ya shimfiɗa a barandar tsohon ginin, ya hura gawayi ya ɗora buta. Na fito ni ma. Mu bakwai muka zauna a duhu: ni da Baba, da wani jami'in lafiya da ya zo taron bita daga Yamai, da 'yan kasuwa biyu daga Maraɗi, da wani malamin jami'a, da wani mai harkar man fetur da ke jiran lodi daga matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a kan hanyar Tanut tare da kamfanin CNPC na Sin, mai tace ganga 20,000 a rana. Da rana mun haɗu a ƙofa ba wanda ya wuce sallama. A kan tabarmar nan kuwa, kafin shayi na biyu, an san garin kowa da abin da ya kawo shi, har ɗan kasuwa guda ya ba mai man fetur sunan wanda zai nema a tasha. Na ce a raina, ashe zauren fatoma bai mutu ba, wuri kawai yake nema.

Na tambayi dattijon ko ya daɗe a wurin. Ya ce tun yana saurayi. Ya ce a da, in sanyi ya shigo, Turawa masu ratsa hamada da motoci sukan cika harabar nan, wasu daga Agadas za su Kano, wasu a kan rufin mota ma suke kwana. "Yanzu fa, Baba?" Ya ce, "Yanzu sai 'yan taro, Alhaji. Su ma in taro ya ƙare, shi ke nan." Bai ƙara ba, kuma ba sai ya ƙara ba. Tawayen arewa na 2007, da sace baƙi a Arlit a 2010, da rikicin Boko Haram a yankin Diffa, da tarzomar Janairun 2015 da aka ƙone cibiyar al'adun Faransa da majami'u a garin nan, kowanne ya rufe wata ƙofa. Bikin Ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba da aka kawo garin a 2006, aka sake kawowa a 2018 da sunan Zinder Sabuwa, ya bar tituna da sababbin gine-gine, amma baƙin biki kwana kaɗan suke yi.

Wajen ƙarfe uku famfo ya yi tarin da aka faɗa mini. Na tashi na tara.

Cikin Birni

Da safe, bayan na karya da shayi da burodi da ƙwai a bakin titi, na shiga Birni da ƙafa. Ganuwar Tanimun saura gutsattsari, nan tudu can tudu, awaki na hawa. Lunguna ƙanana ne, suna karkacewa suna kewaye duwatsu, wani gidan ma dutsen ne bangonsa guda. A ƙofar fada dogarai na zaune cikin ja da kore. Sarki Abubakar Sanda, wanda ya hau a 1978, aka sauke shi a 2001, aka mayar da shi a 2011, a wannan gida na kakanninsa yake zaman fada, ana kawo masa ƙara da gaisuwa kamar yadda aka saba. Tun 2006 Nijar ta sa Birni da fadar a jerin wuraren da take son UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Agadas ta samu shiga a 2013. Damagaram na jira.

Damina ba ta jira. A farkon Satumban 2024, ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina a ƙarni na 19. Mutane suna tsaye suna kallo, wasu na ɗauka da waya, ginin ya zube. Wanda ya ga hoton nan ba zai manta ba. Masallaci ne da idon kowa ke kansa. To ina ga gidajen da ba wanda ya san da su sai masu su?

Ɗaya daga cikin irinsu na shiga, ta hanyar malamin jami'ar da muka sha shayi tare, wanda ya haɗa ni da wani dattijo a unguwar. Muka yi sallama, aka ce mu shigo. Daga ƙofa zuwa cikin zauren taki uku ne, amma kamar an fita daga wata ƙasa an shiga wata. A waje rana na dukan ƙeya, a ciki sanyi ne mai ƙamshin ƙasa da turaren wuta. Sai da idona ya saba da duhun sannan na ga rufin: bakuna huɗu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, daurin guga, an jera azara tsakaninsu kamar saƙar tabarma, a ƙololuwa an manna tasa. Maigidan ya sa aka kawo ruwan randa a kwanon sha. Ban san lokacin da na shanye ba.

Ya nuna mini yadda ginin yake da hannunsa. Tubali ne aka mulmula ɗaya-ɗaya aka shanya, aka jera da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ƙasan bangon ya fi samansa kauri nesa ba kusa ba. Azarar ta giginya ce, wadda gara ba ta ci. A waje an shafe da makuba, da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke sa ruwa ya zame. Indararo na zubar da ruwan rufi nesa da gindin bango. Duk wannan yana iya kai shekara ɗari da ɗoriya, da sharaɗi ɗaya: kafin kowace damina a hau a duba, a toshe tsaga, a sake yaɓe. Shekara biyu ko uku aka yi sakaci, ruwa ya sami hanya, sai azara ta jiƙa, sai rufi ya lotsa. Daga nan ya ja ni ta wata ƙofa ya nuna mini soron baƙi na kakansa. Rabin rufin yana ƙasa. Ta ɓarakar ana ganin sama, a jikin bangon kuma zanen dagi yana nan garau, ja da fari.

Na ce, "Baba, me ya hana a gyara?" Ya ce, "Gidan gado ne, ɗana. Masu shi sun fi ashirin. Wani yana Yamai, wani yana Libiya, wani yana Kano. Kowa na jiran kowa." Ya ce maginan da suka iya daurin guga sun tsufa, yaransu sun koma bulo, don can kuɗi yake. Wasu maƙwabtan sun shafe bangon ƙasa da siminti suna ganin sun huta, sai danshi ya taru a ciki, simintin ya ɓallo falle-falle ya tafi da fuskar gidan. Ga kuma abin da ya fi ciwo: yaro ya tashi yana jin cewa gidan ƙasa alamar rashi ce, in Allah ya buɗa masa abu na farko shi ne ya rushe ya sa kwano.

Ina zaune a zauren nan Agadas ta faɗo mini. A can, daura da babban masallaci mai doguwar hasumiya, akwai Hôtel de l'Aïr, tsohon ginin da ake dangantawa da Kawsan, jagoran yaƙi da Faransawa na 1916 zuwa 1917. Gidan sarauta ne ya zama masauki, baƙi suna cin abinci a ƙarƙashin bakunansa, kuma zaman da ake yi a cikinsa shi ya riƙe shi a tsaye. A Marrakesh ta Maroko, tsofaffin gidajen cikin ganuwa da suka kusa zubewa, mayar da su masaukai ne ya ceto da yawansu, ya kuma dawo wa masu sassaƙa da masu ado da aikinsu. Gidan da ake kwana a cikinsa ana duba rufinsa. Soro guda a Zango ko Birni, mai ɗaki shida ko takwas, da randa da tankin ruwa da wutar rana, zai biya kuɗin yaɓensa, ya ba magini dalilin koya wa ɗansa, ya ba dukawan garin da suka yi suna a aikin fata kasuwa a bakin ƙofa.

Na san abin ba sauƙi. Kalmar otel ba ta da farin jini a tsohuwar unguwa, don mutane na haɗa ta da giya da shashanci, kuma babu magidancin da zai so baƙon ido yana leƙen tsakar gidansa daga saman soro. Suna da gaskiya. Marrakesh ɗin ma ta biya farashi, don a wasu lunguna masu kuɗi daga waje sun saye gidaje, 'yan asali sun koma bayan gari. Ba na fatan haka ga Birni. Abin da nake nufi ya fi kusa da abin da garin ya riga ya sani: gida mai maigida, mai ƙa'ida, wanda baƙo zai shiga da sallama, a san shi a san abin da ya kawo shi. Kuma ba sai an jira Turawa sun dawo ba. Masu zuwa kallon hawan sallah da hawan ƙaho, da 'yan kasuwar Kano da Katsina, da malaman jami'a, da 'yan taron nan da suka kwana a tabarma, su ne baƙin. A daren da wuta ta ɗauke, da za a ce da su ga ɗaki mai sanyi da ba ya buƙatar inji, ba wanda zai tambayi ko da tayil.

Ranar Juma'a na tsaya a bakin hanya na ga fitar sarki zuwa masallaci, kakaki da algaita a gaba, dogarai na buɗa hanya, mutane na ɗaga hannu suna "Ranka ya daɗe." Da yamma na ci burabusko da miya a wani gidan abinci kusa da kasuwar Dole, na koma masauki na haɗa kaya.

Asabar da asuba na fito da jakata. Baba yana bakin ƙofa ya riga ya tsayar mini da ɗan kabu-kabu. Ya miƙo mini ƙunshi a takarda, alkaki ne, zumarsa ta fara ratso takardar, da gorar ruwa da ya naɗe da jiƙaƙƙen tsumma don ta yi sanyi. Na sa hannu a aljihu, ya riƙe mini hannu ya ce, "A'a, Alhaji, wannan guzuri ne." Ya karɓi jakar ya ɗora a gaban babur, ya taka tare da mu har bakin titi, inda amalanken farko na jarkoki ke wucewa, shanu biyu na ja, yaro na zaune a sama yana gyangyaɗi. Ya ce in gaida mutanen Kano, in kuma na tashi dawowa in zo da sanyi, lokacin ruwa ya fi samuwa.